Amanar Mai Wa'azi: Darasi daga Littafin da Aka Yanke a 1807



Gabatarwa

Batun wannan lacca shi ne nauyin da ke wuyan mai wa'azin Kirista game da Littafi Mai Tsarki, watau wajibcin isar da abin da ke cikinsa ga jama'a kamar yadda yake. Da jin haka wani zai ce ai wannan magana ce ta cikin majami'a, ba ta da gurbi a zauren jami'a. Amma tarihi ya nuna cewa abin da ake karantawa a kan mumbari ranar Lahadi, da abin da ake tsallakewa, ya sha taɓa rayukan mutane da guminsu da 'yancinsu. Saboda haka masanin tarihi da masanin shari'a da masanin harshe, kowa yana da rabo a cikin maganar.

Idan aka ce mai wa'azi ya ci amanar littafinsa, abin da ke fara zuwa a rai shi ne ƙarya, watau ya jingina wa littafin maganar da babu ita a ciki. Irin wannan yakan faru, amma ba ya daɗewa, domin ramin ƙarya ƙurarre ne: duk mai littafi a hannu zai buɗe ya duba. Hanyar da ta fi yawa, ta kuma fi wuyar kamawa, ita ce ta zaɓe da tsallake. Mai wa'azi ya karanta aya daidai, harafi da harafi, ya ɓoye 'yar'uwarta wadda take fayyace ta ko take iyakance ta. Duk abin da ya fito daga bakinsa yana cikin littafin, amma saƙon da mai sauraro ya tafi da shi gida ba na littafin ba ne. Wannan hanya ce za a duba a nan, ta yin amfani da wani littafi da aka buga a birnin Landan a 1807 domin bayin da ke noman rake a tsibiran Karibiyan.

Abin da Littafin Ya Shimfiɗa

Kafin a je Landan, ya kamata a san ma'aunin da Littafi Mai Tsarki da kansa ya ajiye wa mai isar da shi, domin da shi ne za a auna.

A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura ta 4, Manzo Bulus ya kwatanta masu wa'azi da wakilan da maigida ya danƙa wa kayansa, ya ce abin da ake nema a wurin wakili shi ne a same shi da aminci. A wasiƙa ta biyu, sura ta 2, ya nisanta kansa daga masu mai da maganar Allah hajar talla. A Ayyukan Manzanni sura ta 20 kuwa, lokacin da yake ban kwana da dattawan ikilisiyar Afisa a garin Militus, ya shaida musu cewa alhakin kowa ba ya wuyansa, dalili kuwa bai ɓoye musu kome daga nufin Allah ba. Abin lura a nan shi ne, da cikar saƙo ya wanke kansa. Bai ambaci yawan mabiya ko daɗin baki ba.

Wannan tunani ya samo asali daga Tsohon Alkawari. A Ezekiyel sura ta 33 an kwatanta annabi da mai tsaro a kan ganuwa. In ya hango maƙiya ya busa ƙaho, wanda ya ƙi ji alhakinsa na kansa. In kuwa ya hango ya yi shiru, jinin wanda aka kashe a hannunsa za a nema. Laifin mai tsaro ke nan, shiru. A Maimaitawar Shari'a sura ta 4 an hana ƙari, an kuma hana ragi, an ajiye su kafaɗa da kafaɗa. A Irmiya sura ta 26 an umarci annabin ya tsaya a farfajiyar Haikali ya faɗi saƙo duka, kada ya rage ko kalma guda.

Akwai kuma labarin da ke Irmiya sura ta 36, wanda ya faru wajen shekara ta 604 kafin haihuwar Almasihu. Irmiya ya yi shifta, magatakardansa Baruk ya rubuta gargaɗin a naɗaɗɗen littafi. Aka kai littafin gaban Sarki Yehoyakim na Yahuza, yana zaune a gidansa na lokacin ɗari, ga wuta a kasko gabansa. Duk sa'ad da mai karatu ya gama shafi uku ko huɗu, sai sarki ya sa wuƙar fiƙe alƙalami ya yanke ya jefa a wuta, har littafin ya ƙare. Fadawa uku suka roƙe shi kada ya ƙone, bai saurare su ba. Daga baya Irmiya da Baruk suka sake rubuta wani, har da ƙarin gargaɗi iri ɗaya. A wannan labari wuƙar tana hannun sarki, annabi kuwa yana gefe guda. Abin da ya sa al'amarin 1807 ya cancanci nazari shi ne, a can ma'aikatan ikilisiya ne da kansu suka riƙe wuƙar.

Littafin 1807

A ƙarshen ƙarni na 18 arzikin Ingila ya dogara ƙwarai ga gandayen rake na Jamaika da Barbados da sauran tsibiran da take mulka. Masu aikin gandayen nan bayi ne da aka kwaso daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, da 'ya'yansu da jikokinsu. Yawancin iyayen gijinsu ba sa son a koya musu karatu ko addini, don tsoron kada su waye. Tsoron ya ƙaru bayan boren da ya tashi a 1791 a ƙasar da Faransa ke mulka ta San Domingo, wanda ya ƙare da kafa ƙasar Haiti mai 'yanci a 1804.

A cikin wannan hali ne Beilby Porteus, Bishop na Landan daga 1787 zuwa 1809, ya kafa wata ƙungiya ta shigar da bayin tsibiran cikin addinin Kirista da koya musu karatu. Adalci ya sa a faɗi cewa Porteus ba mai goyon bayan fataucin bayi ba ne. Tun a 1783 ya yi wa'azi yana sukar yadda ake riƙon bayi a gandun Codrington na Barbados, gandun da wata ƙungiyar mishan ta ikilisiyar Ingila ta mallaka, ya kuma mara wa masu neman hana fataucin baya a Majalisar Dattawa. Amma ƙungiyarsa ba za ta iya shiga gandu ba sai da iznin mai gandu, mai gandu kuwa ba zai ba da izni ba sai an tabbatar masa cewa karatun ba zai ɗaga wa bayinsa kai ba. Porteus da kansa ya ba da shawara a riƙa karanta wa bayi zaɓaɓɓun sassa na Littafi, musamman waɗanda suka shafi wajibcin bawa ga ubangijinsa.

A 1807, shekarar da Majalisar Ingila ta haramta fataucin bayi amma ta bar bautar kanta, aka buga wa wannan ƙungiya littafin zaɓaɓɓun sassan Littafi Mai Tsarki domin amfanin bayi. Littafin da Furotesta ke amfani da shi yana da littattafai 66 da surori 1,189. Wannan kuwa surori 232 kaɗai ya ƙunsa. An cire kimanin kashi 90 cikin ɗari na Tsohon Alkawari da wajen rabin Sabon Alkawari. Ba a canza kalmomin ayoyin da aka bari ba. Fassarar Turanci ce da aka saba da ita.

Duba abin da aka bari da abin da aka cire shi ke bayyana al'amarin. An bar labarin Yusufu, wanda aka sayar da shi bawa, ya yi wa ubangijinsa hidima da aminci, ya kuma sami ɗaukaka a Masar. Daga sura ta 45 ta Farawa sai littafin ya yi tsalle zuwa sura ta 19 ta Fitowa. Surori 18 na farkon Fitowa duk babu su, watau babu aikin tilas na yin tubali, babu kukan bayi da ya kai ga Allah, babu Musa gaban Fir'auna, babu ƙetare teku. Mai karatu zai bar Isra'ilawa suna shirin sauka Masar cikin mutunci, ya juya shafi ya tarar da su a gindin Dutsen Sina'i suna karɓar dokoki. An cire Fitowa 21:16, inda aka yanke hukuncin kisa ga mai satar mutum ya sayar. An cire Irmiya 22:13, inda aka yi tir da mai gina gidansa da gumin maƙwabcinsa ba lada. An cire Galatiyawa 3:28, inda Bulus ya ce cikin Almasihu babu bambanci tsakanin bawa da ɗa. Zabura duka babu, Wahayin Yahaya ma babu. Afisawa 6:5 kuwa, wadda ta umarci bayi su yi biyayya ga iyayen gijinsu, tana nan daram.

Wasu masana sun yi nuni da cewa taƙaita Littafi Mai Tsarki domin makarantu abu ne da aka saba yi a Ingila a wancan zamani, har ga 'ya'yan talakawan Ingila ɗin. Wannan gaskiya ne, kuma ya isa ya hana a ce duk abin da aka cire da mugun nufi aka cire shi. Amma bai isa ya bayyana yadda aka yi mai taƙaita wa bayi littafi ya tsallake labarin bayi mafi girma da ke cikinsa ba. Kuma yankan bai yi tsaf ba, domin Dokoki Goma da aka bari a sura ta 20 suna buɗewa ne da tunatarwa cewa Allah mai ba da dokar shi ne ya fitar da mutanen daga gidan bauta. Bawa mai hankali zai tambaya: wace bauta ce wannan, yaya kuma aka fita daga cikinta?

Kwafi uku ne kawai aka sani sun rage na wannan littafi. Biyu suna Birtaniya, ɗaya kuma mallakar Jami'ar Fisk ce da ke Nashville a Amurka, wanda aka baje kolinsa a wani gidan kayan tarihi na birnin Washington a 2018 da 2019.

Abin da Ya Biyo Baya

Littafin 1807 alama ce ta wata al'ada da ta fi shi faɗi, domin matsin da ya haife shi yana kan kowane mai wa'azi da ya taka ƙafa a gandu. Misali biyu daga yankin za su nuna haka.

Na farko shi ne John Smith, ɗan mishan na ƙungiyar mishan ta Landan, wanda ya sauka Demerara, cikin ƙasar Guyana ta yanzu, a 1817. Gwamnan wurin ya gargaɗe shi cewa in ya koya wa bawa karatu za a kore shi. Smith ba jarumi ba ne tun daga farko. Littafin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum ya nuna cewa a shekararsa ta fari ya taɓa tsallake wani yanki na Farawa mai ɗauke da alkawarin ƙasa ga Ibrahim, don gudun kada bayi su fassara shi yadda ba ya so. Amma a hankali ya riƙa bin littattafan Tsohon Alkawari a jere yana karanta wa jama'arsa, har da labarin Musa da Fir'auna. A watan Agusta na 1823 bayi fiye da dubu goma suka yi bore, cikinsu har da Kwamina, ɗaya daga cikin dattawan majami'arsa. Smith ya ba su shawara su yi haƙuri, duk da haka aka gurfanar da shi gaban kotun soja, aka kuma kawo surorin da yake karantawa cikin hujjojin da aka tuhume shi da su. Aka yanke masa hukuncin rataya. Ya mutu a kurkuku da ciwon ƙirji a watan Fabrairu na 1824, kafin takardar sassauci ta iso daga Landan. Kwamina kuwa harbe shi aka yi a daji, aka rataye gawarsa da sarƙa a bakin hanya.

Na biyu shi ne Samuel Sharpe na Jamaika, bawa ne, dattijo kuma a ikilisiyar Baftis, wanda ya iya karatu. Daga abin da ya karanta da idonsa ya tabbata cewa babu mai ikon mallakar ɗan'uwansa ɗan Adam. Ya shirya bayi su ƙi komawa aiki bayan Kirsimeti na 1831 sai an biya su lada. Abin ya rikiɗe ya zama bore mafi girma a tarihin tsibirin, aka ƙone gandaye, aka kuma kashe bayi fiye da ɗari uku ta hanyar hukunci bayan an murƙushe shi. An rataye Sharpe a Montego Bay ranar 23 ga Mayu, 1832. A 1833 Majalisar Ingila ta zartar da dokar soke bauta, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Agusta, 1834. Diyyar fam miliyan 20 da dokar ta tanada kuwa masu bayi aka ba, ba bayin ba.

Bai dace a ce karatun Littafi ne kaɗai ya haddasa waɗannan boren ba. Bulala da yunwa da raba uwa da ɗa sun isa dalili. Abin da misalan suka tabbatar shi ne, masu gandu sun san abin da ke cikin surorin da aka cire, sun kuma san ƙarfinsa. Mai wa'azin da ya tsallake su bai tsaya tsaka-tsaki ba, ya yi wa wani ɓangare aiki ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Akwai wata hasara kuma wadda ba a auna ta da yawan gawa. Howard Thurman, malamin tauhidi baƙar fata na Amurka, ya ba da labarin kakarsa Nancy Ambrose a wani littafi da ya wallafa a 1949. An haife ta cikin bauta a Florida, ba ta iya karatu ba, shi ne yake karanta mata Littafi Mai Tsarki yana yaro. Takan sa ya karanta Zabura da Ishaya da Linjila, amma ba ta yarda a karanta mata wasiƙun Bulus, sai dai jefi-jefi sura ta 13 ta Korintiyawa ta fari. Da ya girma ya tambaye ta dalili, ta ce limamin da ubangijinsu yake kawo musu ya sha yi musu wa'azi a kan ayar biyayyar bayi, saboda haka ta yi wa Mahaliccinta alkawari in ta sami 'yanci ba za ta ƙara sauraron wannan sashe ba. Ga sakamakon wa'azin zaɓe ke nan. Matar da aka ɓoye wa rabin maganar Bulus ta juya wa Bulus baya ɗungum, har da ayar Galatiyawa da wasiƙarsa zuwa ga Filimon, inda ya roƙi mai bawa ya karɓi bawansa a matsayin ɗan'uwa.

Hujjar Masu Cewa Zaɓe Dole Ne

A nan akwai wata suka mai ƙarfi da ya kamata a fuskanta. Za a ce kowane wa'azi zaɓe ne. Ba mai iya karanta surori 1,189 a safiya ɗaya. Abin da ya dace da ranar biki bai dace da ranar makoki ba, abin da za a gaya wa yara daban yake da na manya. Bulus da kansa ya yi maganar ba jarirai madara kafin abinci mai tauri. Har ikilisiyar Katolika, da ta sabunta littafinta na addu'o'in yau da kullum a 1971, ta bar Zabura uku a waje, ta 58 da ta 83 da ta 109, saboda tsananin la'anar da ke cikinsu. To, ina bambancin wannan da aikin 1807?

Sukar tana da gaskiya a rabinta. Zaɓe ba makawa ne. Amma akwai tambayoyi uku da ke raba zaɓe na hikima da ɓoyo na cin amana. Ta farko: wa ke cin moriyar tsallaken? In mai sauraro ne, domin bai kai ga fahimta ba tukuna, wannan reno ne. In kuwa mai biyan albashin mai wa'azi ne, ko mai mulki, ko mai wa'azin kansa, to abin ya zama na kuturun da aka ci ladansa, dole a yi masa aski. Ta biyu: jinkiri ne ko hani? Uwa mai ba da nono tana shirin yaye ne, amma littafin 1807 ba shi da kashi na biyu da ake jira. Ta uku: shin mai sauraro yana da hanyar dubawa da kansa? Ɗan Katolika da ke son Zabura ta 109 zai same ta a Littafinsa a gida. Bawan Jamaika ba shi da wani littafi sai wanda aka miƙa masa.

Ma'aunin nan yana yanka ta kowane gefe. Mai wa'azin yau da ya ji kunyar Afisawa 6:5, ko Firistoci sura ta 25 inda aka yarda da sayen bayi daga al'ummai na kewaye, ya riƙa tsallake su kamar babu su, shi ma ya ɗauki wuƙar. Aminci ya wajabta masa ya karanta su, ya bayyana zamanin da aka rubuta su da irin bautar da ake yi a lokacin, ya haɗa su da gargaɗin da aka yi wa iyayen giji a aya ta 9 ta surar Afisawa ɗin, da Maimaitawar Shari'a sura ta 23 inda aka hana mai da bawan da ya gudu ga ubangijinsa, ya kuma faɗi gaskiya cewa Kiristoci sun yi amfani da waɗannan ayoyi wajen zalunci. Jama'ar da aka ɓoye wa ayoyi masu wuya za su ci karo da su wata rana a bakin mai mugun nufi, ba su da amsa.

Haka kuma zaɓen ba a kan bauta kaɗai yake faruwa ba. A 1939 wasu ikilisiyoyin Furotesta na Jamus suka kafa wata cibiya a garin Eisenach domin kawar da tasirin Yahudawa daga rayuwar ikilisiya, a 1940 kuma cibiyar ta fitar da Sabon Alkawari da aka tsame masa abubuwan da ke nuna asalin Yesu cikin Yahudawa. A wurare da dama a yau ana samun mumbarin da ayoyin albarka da wadata kaɗai ke hawa, gargaɗin Amos da na Yakubu ga masu danne haƙƙin ma'aikata ba sa samun rana. Ana kuma samun wanda ke tuna ayoyin yaƙi a lokacin rikici, ya manta da umarnin ƙaunar maƙiyi. Aikin iri ɗaya ne, mai cin moriyar ne ke sauyawa.

Hanyoyin Kariya

Tun da daɗewa ikilisiya ta gane cewa kyakkyawar niyyar mai wa'azi ba ta isa kariya ba, domin Porteus ma yana da ita. Saboda haka aka samar da hanyoyi uku.

Ta farko ita ce bin littafi a jere, sura bayan sura. Haka Yohanna Kirisostom ya yi a Antakiya a ƙarni na 4, ya bi Matiyu da Yahaya da wasiƙun Bulus. Haka Zwingli ya yi a Zurich, inda ya fara daga farkon Matiyu ranar 1 ga Janairu, 1519. An kori Calvin daga Geneva a 1538, da aka dawo da shi a 1541 ya ɗora wa'azinsa daga inda ya tsaya. Amfanin wannan hanya shi ne, tana ƙwace zaɓe daga hannun mai wa'azi. In aya mai ɗaci ta zo, ta zo ke nan, ko da wanda ta shafa yana zaune a kujerar gaba. In ya tsallake, kowa zai gani.

Ta biyu ita ce jadawalin karatu na bai ɗaya. Bayan babban taron Batikan na biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ikilisiyar Katolika ta fitar da jadawali a 1969 mai zagayen shekara uku domin karatun Lahadi, ikilisiyoyin Furotesta da dama kuma suka ɗauki irinsa. Jadawali ma zaɓe ne, amma zaɓe ne da jama'a suka yi a fili, ana iya dubawa a soke shi a gyara.

Ta uku, wadda ta fi sauran ƙarfi, ita ce a sa cikakken littafin a hannun jama'a cikin harshensu. A Nehemiya sura ta 8 an karanta wa jama'a Attaura a dandali, Lawiyawa suna bayyana ma'ana har kowa ya gane. A Ayyukan Manzanni sura ta 17 an yaba wa mutanen Biriya saboda suna binciken Littattafai kowace rana su ga ko abin da Bulus ke faɗa haka yake. A nan ne tarihin harshen Hausa ya haɗu da wannan batu. James Frederick Schön, Bajamushe mai aiki da ƙungiyar mishan ta ikilisiyar Ingila, ya fitar da fassarar Farawa da Hausa a 1858, da ta Fitowa a 1859. Babban wanda ya ɗauki Hausa a bakinsa a waɗancan shekaru shi ne Dorugu, yaron da aka kama bawa a yankin Damagaram, aka 'yanta shi, ya bi Heinrich Barth zuwa Turai a 1855. Watau shekara 52 bayan an yanke wa bayin Karibiyan labarin Fitowa, labarin ya fito da Hausa daga maɗaba'ar Landan ɗin, harshen da aka zuba shi a ciki kuwa daga bakin 'yantaccen bawa aka koye shi. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya ja gaba tare da wasu 'yan mishan da Hausawa mataimaka. Tun daga lokacin mai sauraron wa'azi da Hausa, in ya iya karatu, yana da abin da bawan Jamaika bai samu ba.

Kammalawa

Abin da aka gani a wannan lacca shi ne, amincin mai wa'azi ba ya tabbata da daidaiton ayar da ya karanta kaɗai, domin masu haɗa littafin 1807 ba su canza kalma ko ɗaya ba. Ana auna shi ne da abin da jama'arsa suka ji daga bakinsa cikin shekaru biyar ko goma, a gwada da abin da ke cikin littafin. Ikilisiyar Ingila ta nemi gafara a 2006 a kan rawar da ta taka cikin bauta, har da gandun Codrington, shekara 172 bayan dokar soke bautar ta fara aiki. Waɗanda aka yi wa laifin ba su ji wannan neman gafara ba.

Saboda haka akwai aiki biyu. Mai wa'azi ya ɗauki takardun wa'azinsa na shekarun baya ya jera su, ya dubi littattafan da bai taɓa buɗewa a kan mumbari ba, ya tambayi kansa wa shirunsa ya amfana. Mai sauraro kuma ya riƙa karanta surar duka idan ya koma gida, da wadda ke gabanta da wadda ke bayanta, kamar yadda mutanen Biriya suka yi wa Bulus.